Haihuwar Fari a Cikin Dusar Ƙanƙara

A garin nan mutum ba ya sanin sanyi sai in ya shiga babban kanti ko asibiti, inda suke ƙure na'urar sanyaya ɗaki har sai ka nemi mayafi. A waje kuwa, shekara ta zagayo ta koma, gumi ne da ruwan sama. Da an idar da azahar sai hadari ya haɗo ta bayan duwatsun Setapak, kafin surukata ta gama kwashe shanya daga baranda ya riga ya sauko, ya yi ta dukan gilashi har ƙarar jirgin ƙasan da ke bi ta kan gada ta ɓace. Ina zaune ne a gidan babban ɗana a Wangsa Maju, wata unguwa ta wannan birni na can gabas mai nisa, shi malami ne a wata jami'a a nan, kuma yawancin yinina a kujerar bakin taga yake ƙarewa, carbi a hannu, ina kallon masu babur suna fakewa a rumfar masu shayi da abinci da ke ƙasan benenmu, wadda a nan ake ce wa mamak.

Ran nan ana irin wannan ruwan, jikokina sun kunna talabijin, sai aka nuno wata ƙasa da guguwar hunturu ta afka wa. Dusar ƙanƙara ta rufe tuddai, ta binne motoci har rufinsu, iska tana kwasar ta tana watsa wa mai ɗaukar hoton. Aka nuno wasu mutane da shebur suna tono tumaki daga gindin katanga. Ƙaramar jikata ta yi tsalle, da Turancin nan nata da ba ya rabuwa da "lah" ɗin mutanen nan a ƙarshe ta ce ita dai a kai ta can ta yi wasa a ciki. Ubanta ya yi dariya ya ce, "Ke da kike kuka in an ƙure miki fanka? Ki tambayi Hajiya, ni a cikin irin wannan aka haife ni." Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Hajiya? Baba ya ce da ƙyar motar asibiti ta iso." Na ce haka ne. Na miƙe na ce bari in duba tukunya, alhali ba ni na ɗora ta ba. Na tsaya a kicin na dafa bango, tsohuwa da ni, da furfura da jikoki, fuskata tana zafi kamar ta yarinya.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya kore ni daga falo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Surukata yarinya ce mai hankali da ladabi, amma lokacin da take da cikin autarta, hoton abin da ke cikin nata ta manna a jikin firji, duk wanda ya zo shan ruwa sai ya gani. Mijinta ne yake kai ta awo, su dawo suna hirar abin da likita ta ce a gabana, har surukar tawa ta ce, "Hajiya, kin ji wai ya juya," ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Ɗansu na fari gatsau suke kiran sunansa, uwar ta rungume shi a tsakiyar masu sayen yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ba ruwanta da kowa. Mu ba haka muka tashi ba. A gidanmu ciki ba abin faɗa ba ne, sai dai a ga kin daina cin wani abu, a ga zane ya fara ɗagawa, tsofaffi su kalli juna su yi shiru. In wata ya kusa a zo a ɗauke ki zuwa gidan iyayenki goyon ciki. Ranar haihuwa maza su watse, miji ya tafi kasuwa ko ya zauna a ƙofar gidan abokinsa yana yi kamar bai san abin da ake ciki ba, sai an aika masa. Innata tana yawan gaya mana, tun muna 'yan mata muna surfe a tsakar gida, cewa mace ba ta ihu a kan gwiwa. Ta ce ita da ta haife mu duka, ko ta ɗakin kusa ba ta taɓa jin muryarta ba, sai dai kawai a ji kukan jariri. Ta ce wadda ta yi raki a haihuwar fari, har ta tsufa ana yi mata gori da shi a gidan biki. Na ji wannan magana har ta zauna daram a zuciyata.

Ban daɗe da tarewa ba gwamnati ta tura Malam, mijina ke nan, ƙasar Turawa ya koyo kiwon dabbobi irin na zamani, aka ce yana iya tafiya da iyalinsa. Ni da ban taɓa wuce garin kakannina ba, ina tsammanin birni za a kai mu mai benaye da fitilu. Sai ga mu can arewacin ƙasar, cikin tuddai, inda tumaki suka fi mutane yawa. Makarantar tasu tana cikin kwari a gefen wani ɗan gari, mu kuma aka sama mana wani ƙaramin gidan dutse a kan tudu, a gonar wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Gidanta yana can gaba da namu, sai ka tsallake fili ka bi wata doguwar katangar duwatsu, kuma a wurinta kaɗai akwai tarho. Hanya ɗaya ce take hawowa gare mu, siririya, mota biyu ba sa giftawa.

Aikina na kullum wuta ce. Da asuba in kwashe tokar jiya, in jera takarda da ƙirare, in ɗora kwal, in durƙusa ina hurawa har hayaƙi ya kama hanyarsa ta bututu. A kan murhun nan nake komai. A nan nake tuƙa tuwo da garin shinkafa, in kaɗa miya da kuka ko busasshiyar kuɓewar da Inna ta ƙulle mini a tsumma, ina tsimin su kamar magani. Babu sallamar maƙwabciya mai neman aron rariya, babu ƙarar taɓarya, babu kiran salla, Malam ne yake duba agogo ya ce lokaci ya yi. Abin da kunne yake ji bai wuce kukan tumaki ba, da haushin karen tsohuwar, da ƙarar kwalaben mai madara da safe, sai iska. Iskar wurin nan ba ta hutawa. In ta shiga bututun hayaƙi tana wani irin gunji kamar saniyar da aka raba da ɗanta, da farko har toshe kunne nake, daga baya na saba.

A nan ciki ya same ni. Ban taɓa buɗe baki na gaya wa Malam ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ga ina amai, ya ga na ƙi shayi, sai ya je ya yi magana da tsohuwar, ita kuma ta sa wata nas ta riƙa hawowa a 'yar motarta tana duba ni. Turancina na firamare ne, bai wuce gaisuwa da sayen burodi ba, dole shi ne tafinta. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya juya mana baya, nas ta yi tambaya, ya maimaita da Hausa yana kallon bango, ni in amsa ina kallon ƙasa. Wani abin ma ba ya iya faɗa, sai ya ce, "Ta ce wai... kin dai gane." In ce na gane. Nas ɗin ta yi ta dariya, ta ɗauka wasa muke yi. Ta ce da sauran lokaci, in ya matso za a sauko da ni asibitin gari in zauna a can. Na sha kuka a ɓoye a kan goyon cikin da ba zan je ba, amma na kwantar da raina cewa ko ba komai mata ne za su karɓe ni, a bayan labule, Malam yana can nesa.

Ranar da abin ya faru, tun da na idar da sallar asuba na ji bayana yana ɗaurewa yana saki. Gari ya waye sama ta yi nauyi, launin toka, ta sauko har tana taɓa kan tuddai, iskar nan kuma ta ɗauke cak, abin da ban taɓa gani ba. Rediyo yana ta magana, Malam ya ce gargaɗin guguwa ake yi, an ce kowa ya zauna a gida, don haka ba zai sauka makaranta ba. Mai madara ya hawo kamar kullum, na ji ƙarar kwalabensa, na ji Malam yana gaisawa da shi a ƙofa. A lokacin hanya a buɗe take, ga mota a tsaye. Ina daga bayan ƙofa na dafe bango, bakina ya ƙi buɗuwa. Ta yaya zan ce wa namiji, a gaban wani namijin, naƙuda nake ji? Kuma ai nas ta ce da saura, na ce wa kaina ƙila sanyi ne ya kama mini baya. Motar ta juya ta gangara. Na koma na ɗora ruwan zafi.

Wajen hantsi ta fara sauka. Na sha ganin dusar ƙanƙara kafin ranar, tana zubowa a hankali kamar audugar rimi, har nakan tsaya a taga ina kallo. Ta ranar daban ce. Iska ce ta dawo da ƙarfinta duka ta kwaso ta a kwance, ba daga sama take zuwa ba, daga gefe take zuwa, tana watsa ta a gilashi kamar ana watsa yashi. Kafin azahar katangar gaban gida ta ɓace, bishiyar bakin hanya ta ɓace, babu sama babu ƙasa, fari ne kawai yake gudu. Ta riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar garin tuwo, Malam ya toshe da buhu. Hayaƙi ya riƙa dawowa cikin ɗaki. Fitilar lantarki ta ƙifta ta mutu, rediyo ya yi shiru, tumakin da na saba jin kukansu ko ɗaya ban ƙara ji ba. Ni kuwa ina ta kai da kawo, in wanke kwanon da na riga na wanke, in ciwon ya taso in shiga ɗakin kwana in cusa bakin zane a baki in durƙusa, in ya lafa in fito. Malam yana karatu a bakin taga inda ya fi haske, ya ɗago ya ce, "Lafiya kike ta zirga-zirga?" Na ce lafiya lau.

Na durƙusa zan ƙara kwal a murhu sai faya ta fashe. A gabansa, a kan daɓen dutse. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ja zane ina ƙoƙarin rufe wurin da ƙafata. Littafin ya faɗi daga hannunsa.

"Tun yaushe?" ya ce.

Na ci gaba da jan zane.

"Ke nake tambaya. Tun yaushe kike jin ciwo?"

"Tun asuba."

"Tun asuba! Mai madara ya zo ya tafi kina..." Bai ƙarasa ba, sai ya yi salati. Ya zura duk rigunan sanyinsa, ya naɗe kansa da wuyansa da mayafina, ya ce zai je gidan tsohuwar ya buga waya a turo mota. Sai da ya sa kafaɗa sannan ƙofar ta buɗu, iska ta faɗo ta watsar da tokar murhu a ko'ina. Taku kaɗan ya yi na daina ganinsa.

Da na ga ni kaɗai ce sai na saki murya. Na ce ai babu mai ji, iska ta fi ni ƙara. Na kira Inna, na kira kakata da ta daɗe da rasuwa. In ciwon ya lafa kuma sai tsoro ya maye gurbinsa, in tuna mutumin da na bari ya fita cikin wannan abu. Wuta ta fara ja da baya, ba ni da ƙarfin ƙara mata. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, sai na ji ana dukan ƙofa daga can ƙasa, ba daga inda hannun mai tsayuwa yake kaiwa ba. Na ja jiki na zare sakata. Da rarrafe ya shigo, fari fat, girarsa da gashin bakinsa duk ƙanƙara, takalmi ɗaya babu. Ya ce bai kai ba. Ya ce ko hannunsa ba ya gani, ya faɗa wani rami har ƙirji, da ya fito bai san gabas ba bai san yamma ba, katangar ce ya lalubo ya biyo ta, bai ma san ko gidan tsohuwar za ta kai shi ko namu ba. Yana magana haƙoransa suna haɗuwa. Na ga ruwa yana bin fuskarsa, na ɗauka ƙanƙarar ce take narkewa.

Ya tsoma hannuwansa a ruwan ɗumi yana cije leɓe har suka fara motsi. Ya ƙara kwal, ya jawo katifa daga ɗaki zuwa gaban murhu, ya ɗora babbar tukunya, ya jefa almakashi da zaren ɗinkina a ciki. Da na ga haka sai na gane nufinsa.

"Malam, don girman Allah ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa."

"In bar ki da wa?"

"Da Allah. Zan iya ni kaɗai."

"Kin taɓa yi ne?"

"Kai ka taɓa yi?"

Ya ce, "Na karɓi na tumaki da yawa a makaranta."

"Ni ba tunkiya ba ce!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Bai yi fushi ba, bai kuma yi dariya ba. Ya shiga ɗakin kamar yadda na roƙa, ya bar ƙofar a ɗan buɗe, ina jin yana karanta duk addu'ar da ya sani. Amma da abin ya zo gadan-gadan, ni da bakina na kira shi. Kuma ba Malam na ce ba. Sunansa na yanka na kira, wanda tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa fita daga bakina ba, na kira shi da ƙarfi kamar mai kiran wani a kasuwa.

Abin da ya biyo baya ko yanzu ba zan iya zayyana shi duka ba. Na ja mayafi na rufe fuskata ruf, a wautata in ban gan shi ba kamar shi ma bai gan ni ba. Duk abin da Inna ta hana sai da na yi. Na yi ihu, na yi raki, na ce na tuba, na ce ya mai da ni gidanmu, na ce shi ya kawo ni ƙasar da ba mutane in mutu, na ce ban yafe ba. Shi dai muryarsa kawai nake ji ta cikin mayafi, yana cewa, "Yi nishi. Saura kaɗan. Ga kai nan, yi nishi." Wajen la'asar, duhu ya riga ya fara shiga don a can rana ba ta daɗewa da hunturu, na ji abu ya sulluɓo, ciwon ya yanke. Na saurara in ji kuka. Babu kuka, sai iska.

Na yaye mayafin. Yaron yana hannunsa shiru, launinsa kamar toka, cibiya ta naɗe masa wuya. Malam ya sa yatsa ya warware ta, ya share masa baki, ya kifa shi a kan hannu yana murza bayansa da tawul da ƙarfi har na ce zai karya shi. Shiru. Ya sa bakinsa a kan hancin yaron da bakinsa ya hura a hankali, ya sake murzawa, ya sake hurawa, yana cewa, "Haba, haba, yi haƙuri, haba." Sai yaron ya yi wani ɗan tari kamar na mage, ya ja ƙafa, ya tsala kuka. Malam ya ɗaure cibiya da zarena ya yanke, ya ɗora mini shi a ƙirji ya lulluɓe mu da duk bargon gidan. Ya jira mabiyiya ta faɗo, ya gyara ni, ya goge daɓe. Sannan ya matso ya yi wa yaron kiran salla a kunne.

Guguwar ba ta lafa ba sai da ta kwana ta yini. Kwal ya ƙare, Malam ya fasa kujerar katako ya sa a wuta, ya riƙa narka ƙanƙara a tukunya don famfo ya daskare. Da gari ya buɗe maza suka hawo da tarakta suna ture hanya, motar asibiti a bayansu da nas ɗin nan a ciki. Ta duba ni, ta duba cibiyar, ta kama hannun Malam tana girgizawa tana ta magana. Ta duba ƙafar da ta rasa takalmi, ta ce wasu yatsun ba za su ƙara jin taɓi ba, kuma haka aka yi. Na ga tsohuwar ta rungume shi, na ga masu tarakta suna leƙowa suna dukan kafaɗarsa. Kafin a yi suna labari ya game garin. Tumakin tsohuwar da yawa sun mutu a gindin katanga, amma ba zancen da ake yi sai na baƙon da ya karɓi haihuwar matarsa. Aka riƙa aiko da ƙananan riguna saƙar hannu. Wani ya hawo da kyamara wai zai sa mu a jarida, na shige ɗaki na sa sakata, ban fito ba sai da na ji motarsa ta gangara. Su abin alfahari suke gani. Ni kuwa gani nake duk wanda ya kalle ni a garin ya san yadda aka yi.

Wanda na fi kasa kallo shi ne Malam. Shi ya yi mini jego, don babu wani. Ya dafa ruwa ya kai banɗaki, ya yi gyaran murya, ya fita waje cikin sanyi ya tsaya har in gama. Ya dama mini kunu da wani hatsin Turawa, ba kanwa, ya barbaɗa ɗan yajin da ya rage mana ya ajiye a bakin ƙofa. In zan ba yaron nono in juya bango. In ya shigo falo in shiga ɗaki. In magana ta zama dole, in yi ta ina kallon murhu. Shi ma na lura ya daina kallona, ya rage hira. Na ce a raina ai dole, mutumin da ya ga abin da ya gani, ya ji abin da ya ji daga bakina, da wane ido zai ƙara ganina da daraja? Abu ɗaya na samu a wannan kaɗaicin. A gida da ba zan ɗauki ɗan fari a gaban mutane ba, ba zan yi masa wasa ba, kakarsa ce za ta riƙe shi ni in kau da kai. A can babu wanda zan miƙa wa, babu wanda zan ji wa kunya in Malam ya sauka makaranta, sai na yi ta yi masa rawa da waƙa a gaban murhu har na ƙoshi.

Da muka dawo gida Inna ta karɓi yaron ta juya shi, ta ɗaga masa riga ta duba cibiya, ta ce, "Wa ta yanke wannan? Ta iya." Na ce wata nas ce Baturiya. Ta ce, "Kin dai daure, ba ki ba mu kunya a gaban Turawa ba?" Na ce ko tari ban yi ba. Malam yana bakin ƙofa yana gaisawa da Baffa, mahaifina, na san ya ji. Daga baya na ji yana ba abokansa labarin guguwar, ya ce da ƙyar motar asibiti ta iso, ya tsaya a nan. Haka labarin ya zauna har 'ya'ya suka tashi suka gaje shi. Sauran haihuwata duk a ɗakin Inna na yi su, shiru, yadda ake so. Muka yi zaman shekaru masu yawa, zaman lafiya, ya riƙe ni da mutunci, muka aurar muka ga jikoki, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa ɗaga zancen ranar nan ba. In ƙafar ta dame shi in kawo masa ruwan ɗumi ya tsoma, shi bai ce ga dalili ba, ni ma ban ce ba.

Ciwon ajalinsa ne ya kawo mu garin nan. Da abin ya ƙi sauƙi a gida, babban namu ya ce a kawo shi nan a gwada. Aka yi abin da za a yi, daga baya likitoci suka ce a koma da shi gida a kula da shi, aka ba mu ɗakin da nake kwana a ciki yanzu. Mutumin da ko hula ba ya cirewa a gaban 'ya'yansa ya koma sai an ɗaga shi an kwantar. Ɗan nasa ya ce zai ɗauko mai jinya, Malam ya ce a'a. Ya ce to shi zai riƙa yi, Malam ya ce ko kusa. Wata safiya, yara sun tafi makaranta, ubansu ya tafi aiki, surukata ta sauka kedai, wato ɗan kantin unguwa, sayen kayan miya, na shiga na tarar ya ɓata shimfiɗarsa. Ya juya fuska bango, ya damƙe bakin zanen da ya rufa da shi da hannu biyu. Na kawo ruwan ɗumi a roba da tawul.

"Bari," ya ce. "Ki bari kawai."

"Malam, saki zanen."

"Hajiya, ki fita. Don Allah."

Na zauna a bakin gado, ban fita ba. Fanka tana juyawa a kanmu. Can ya ce, yana kallon bangon, "Ashe haka kika ji ranar nan."

Ban tambaye shi wace rana ba. Na matse tawul a cikin ruwan. Na ce, "Ai nawa ya fi naka, kai ko ihu ba ka yi ba."

Kafaɗarsa ta motsa, na ɗauka tari ne, ashe dariya yake. Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Kin ce ba ki yafe ba."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar. Kin ce na kawo ki ƙasar da ba mutane ki mutu, kin ce ba ki yafe ba. Kuma gaskiya kika faɗa. Baffa ya ce in bar ki a gida, ni na nace sai da ke. Na fita neman taimako, na dawo miki da rarrafe ina kuka kamar yaro. Daga ranar kika daina kallona. Na ce to, ta ga iyakata."

Na mayar da tawul cikin roba. Sannan na ce, "Malam, mace a kan gwiwa ai ba ta san abin da take faɗa ba. Ni kunyarka nake ji. Na ɗauka kai ne ka daina ganina da daraja."

Ya juyo a hankali ya dube ni, ni ma ban kau da kai ba. Ya ce, "Da daraja? Ni da na ga irin wahalar da..." Ya girgiza kai. "Shekara nawa ke nan, Hajiya?"

"Da yawa."

"Kai, amma mun yi wauta."

"Mun yi," na ce. "Na yafe, in ma akwai abin yafewa. Yanzu saki zanen, ruwan yana hucewa."

Ya saki. Na wanke shi tas, na canza shimfiɗa, na shafa masa mai, na sa masa farar jallabiyarsa. Ina yi yana ba ni labarin yadda almakashin ya ƙona masa yatsa da ya tsamo shi daga tukunya ya kasa cewa wayyo, da yadda ya biya tsohuwar kujerarta ta ƙi karɓa. Da surukata ta dawo ta same mu muna ta dariya, ni ina share ido da bakin mayafi. Ta tsaya a bakin ƙofa da ledar kayan miya a hannu, ta dube ni ta dube shi, ta ce, "Hajiya, lafiya?"

Malam ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Je ki abinki, hirar ƙuruciya muke yi."